Yadda ake lissafin ɗumin da ke fita ta gashin rago a daren hunturu

A Tahoua, asubahin Janairu kan sauko wajen digiri 15, alhali cikin jikin rago yana kusan 39. Ɗumi yana ratsa gashi daga fata zuwa waje, kuma ƙa'idar da Bafaranshe Joseph Fourier ya fitar a 1822 ita ke ba da adadinsa:

Q = k × A × (T1 − T2) ÷ d

Amsar, wato Q, tana fitowa da watt. Harafin A faɗin fatar jiki ne. Ragon kilo 30 yana da kusan murabba'in mita 0,9. Shi kuwa k yana nuna saurin da abu ke bari zafi ya wuce ta cikinsa. Na iskar da ba ta motsi 0,026 ne, na ruwa 0,6. Busasshen gashi yana kusa da na iska, domin iskar da ta maƙale tsakanin silin gashi ce ke tare ɗumin, don haka a ɗauki 0,04.

A wajen d ake yawan tafka kuskure. Kaurin rufin gashi ake nufi yadda yake kwance a jiki, ba tsawon sili ba. Ka soka tsinke a hankali har ya taɓa fata, ka riƙe da farce daidai inda gashi ya ƙare, ka auna. Kada ka danne gashin. In ka sami santimita 1, rubuta 0,01, domin da mita ake lissafin. Wanda ya manta wannan juyi, amsarsa za ta ragu sau ɗari.

T1 zafin fata ne, ba na dubura ba. Buɗe gashin ka haska fatar da ma'aunin zafi irin wanda ake haska goshi a asibiti, sannan ka haska saman gashin don samun T2. A ce 35 da 20, bambanci 15 ke nan.

0,04 × 0,9 × 15 ÷ 0,01 = watt 54.

Wannan na dabbar da ke tsaye ce, a bushe, a inda babu iska. Buji yana kore iskar da ke cikin gashi, ruwa kuma yana maye gurbinta, sai k ya haura. In ya kai 0,2, asarar ta zama watt 270. Ragon da ya kwanta ya matse gashin cikinsa, d ya ragu, ƙasa mai sanyi ta ja ɗumin, shi ya sa shimfiɗar busasshiyar ciyawa a garke ke da amfani.

Da tsakar ranar Afrilu saman gashi kan fi fata zafi. Amsar za ta fito ƙasa da sifiri, ma'ana zafi shiga yake yi.