Gudawar tafiya: abin da ke dawo da ita bayan an warke, da yadda za a tare ta

"Sista, ai na warke tun a can, na dawo gida lafiya lau, yanzu kuma ga cikin ya sake ɓaci." Da zarar jiragen alhazai sun fara sauka nake fara jin wannan magana, sauran watanni kuma ina jin ta daga bakin 'yan kasuwa masu zirga-zirgar Kwatano, Lome da Dubai, da direbobin manyan motoci masu bin hanyar Legas. Aikin jinya nake yi a Kano, kuma abin da na fi gani shi ne, kafin mutum ya zo asibiti ya riga ya biya ta kemis, an haɗa masa Flagyl da kafson nan ja da rawaya, ya sha na kwana biyu ya ajiye. Shawarata ita ce ka dakata da sayen magani tukuna, ka fara gano abin da ya dawo da gudawar, domin dalilan sun bambanta, kuma a wasunsu maganin da kake ƙarawa shi ne ke rura ta.

Mafi yawan gudawar da ke kama matafiyi ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo ta. E. coli ce kan gaba, sai Campylobacter, Salmonella da Shigella. Irin wannan takan tashi cikin awa 6 zuwa kwana 3 bayan ka ci ko ka sha abin da ya gurɓata, ta wuce cikin kwana 3 zuwa 7 ko da ba a sha komai ba sai ruwan gishiri da suga. Wadda bairos ke kawowa, kamar norovirus mai saurin yaɗuwa a cunkoson jama'a, ta fi amai, kuma kwana 2 zuwa 3 take yi. Saboda haka idan gudawa ta kai kwana 14, ko tana tafiya tana dawowa, to ta fita daga sahun waɗancan, sai a nemi wani dalili.

Mafi sauƙin dalili shi ne sabuwar kamuwa. Warkewa daga ƙwaya ɗaya ba ta kare ka daga sauran, kuma galibi mutum yana nan yana shan ruwan da ya kwantar da shi, yana cin abinci a rumfar da ya ci na farko. Wani lokaci ma a gida abin yake zagayawa: Alhaji ya kawo ta, ta kama ƙaramin yaro, daga yaro ta koma kan uwa, daga hannun uwa ta shiga abinci, ta sake zagayowa kan Alhaji.

Wanda na fi son mutane su sani shi ne Giardia. Wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, ba bakteriya ba ce, tana shiga ta ruwa ta manne a ƙaramin hanji. Ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Ka ga ke nan mutum zai iya haɗiye E. coli da Giardia a kofi ɗaya: ta farko ta kayar da shi a masauki, ya warke, ya hau jirgi, sai ya yi kwanaki a gida sannan ta biyun ta tashi. Shi a ganinsa tsohuwar ce ta dawo. Alamunta daban suke, kuma duk wanda ya taɓa yi ba ya mantawa: ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi, iska ta yi yawa, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, bayan gida mai maiƙo da mugun wari wanda ke yawo a saman ruwa. Galibi babu zazzaɓi, babu jini. Yau da sauƙi, jibi ta dawo, mutum na ta ramewa a hankali har wando ya fara zamewa. Ciprofloxacin da ake yawan bayarwa don gudawar tafiya ba ya kashe ta. Metronidazole, wato Flagyl, yana kashe ta, amma sai an sha adadin da ya dace na kwana 5 zuwa 7. Mutanenmu kuwa da bakin ya fara ɗaci, ciki ya ɗan lafa, sai su watsar. Akwai tinidazole da ake sha sau ɗaya, likita ne zai duba wanda ya dace da kai, musamman mai juna biyu.

Hanyar tabbatarwa ita ce gwajin bayan gida. Sai dai ƙwayayen ba kullum suke fitowa ba, don haka gwaji ɗaya zai iya cewa babu komai alhali tana nan. Shi ya sa ake neman a kai sau uku a ranaku daban-daban. Na san abu ne mai nauyi ga dattijo ya ɗauki 'yar roba ya shiga banɗaki, ya fito ya miƙa wa yaron da bai kai ɗansa ba. A daure, a kuma kai shi da ɗuminsa, kada ya kwana.

Idan kuwa akwai jini da majina, da murɗa, da yawan jin nishi ba abin da ke fita sosai, wannan atini ne, ko na Shigella ko na amiba, wata 'yar halitta da ita ma ido ba ya gani. Na amiba yana da tarko: Flagyl yana kashe masu cin bangon hanji, amma ba ya gamawa da ƙwayayen da ke kwance a cikin hanjin. Sai an bi da magani na biyu, irin su paromomycin ko diloxanide, in ba haka ba bayan makonni ya sake tashi. Idan an ce maka amiba ce, tambayi likita maganar magani na biyun.

Akwai kuma inda ƙwayar cuta ta riga ta tafi, hanjin ne bai gama farfaɗowa ba. Kamar miki ne da fata ta rufe samansa, kana fama shi sai ya koma ɗanye. A saman bangon hanji ake samun sinadarin da ke narkar da sukarin madara, kuma shi gudawa ke fara kankarewa. Sai mutum ya ji sauƙi, ya ce bari ya mayar da jiki, ya zauna a bencin mai shayi. Mai shayi ya zuba cokali uku na madarar gari a tule, ya ƙara suga, ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa har ya yi kumfa. Ba a yi awa biyu ba ciki ya fara ƙugi, sai banɗaki. Wannan ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya ta magani. Ka bar madara ta gari da ta gwangwani da askirim na mako biyu zuwa huɗu, ka gani. Idan cikin ya lafa, ka gane mai laifin, sai ka dawo da ita kaɗan-kaɗan. Kindirmo da nono sun fi sauƙi a ciki saboda tsamin ya rage sukarin, matuƙar ka yarda da tsabtar inda aka yi su. Wannan bai shafi jariri mai shan mama ba, shi a ci gaba da ba shi nonon uwa, a ma ƙara. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali su ma suna tsinka ciki, domin yawan suga yana janyo ruwa zuwa cikin hanji.

Magani kansa yakan zama sanadi. Loperamide, wanda aka fi sani da Imodium, ɗaure hanji yake yi, ba ya kashe komai. Yana da amfani ga babba mai doguwar tafiya a mota, amma idan ƙarfinsa ya sake kuma cutar tana nan, gudawa za ta dawo. Ba a shan sa idan akwai jini ko zazzaɓi, ba a kuma ba ƙananan yara. Su kuwa magungunan kashe bakteriya ba sa bambance mai amfani da mai cutarwa a hanji. Idan aka yi ta jera su, wannan bayan wancan, sai wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile ta samu fili, ta kawo gudawa mai ruwa-ruwa da ciwon ciki, wani lokaci makonni bayan an gama shan maganin, kuma ta fi tsanani ga tsofaffi. Ga masu zuwa Indiya da Tailan kuma, yawancin Campylobacter na can ta daina jin ciprofloxacin, shi ya sa likitoci suka fi ba da azithromycin ga wanda ya kamu a yankin. Don haka faɗa wa likita ƙasar da ka je, da duk abin da ka riga ka sha, ko da kwalin ne ka tafi da shi.

Wasu kuma an yi gwaji babu komai, amma hanjinsu ya zama mai saurin tashi na tsawon watanni: yaji kaɗan, maiƙo kaɗan ko tashin hankali, sai murɗa da gudawa. Yakan lafa a hankali. Amma likita ne zai yanke wannan hukunci, bayan ya duba sauran dalilai, har da gwajin ƙanjamau idan abin ya daɗe ana ramewa.

To, yaya za a tare ta? A fara da jinyar karon farko yadda ya kamata. Ruwan gishiri da suga na leda, ORS, ana zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya, wato leda biyu na fiya wata masu santilita 50. In babu, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a sa suga cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, a shafe ba a tule ba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Yara a haɗa musu da ƙwayar maganin zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da wannan shawara tun 2004, kuma amfaninsa ya wuce tsayar da gudawar yau, yana rage dawowarta a wata biyu zuwa uku masu zuwa. Iyaye mata sukan daina bayarwa ranar da kashin ya ɗaure, a nan ake asarar rabin amfanin. Kada kuma a hana ciki abinci. Koko, kunu, farar shinkafa, ayaba, dankali, romo mara maiƙo, a ci kaɗan-kaɗan. Yaji da soye-soye su jira mako guda.

Ruwa kuwa, a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Alam kwantar da datti yake yi, ruwa ya yi garau a ido amma ƙwayoyin suna nan. Maganin ruwa mai kulorin yana aiki idan an bar shi minti 30, sai dai akwai ƙwayoyi irin su Cryptosporidium da ba sa jin sa, tafasawa ta fi. Ruwan roba a duba murfin bai taɓa buɗuwa ba. Inda masu taka-tsantsan ke faɗawa shi ne ƙanƙara: sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, adana ta yake yi. Mutum zai sayi ruwan roba mai tsada, sannan ya sha zoɓo, kunun aya ko fura da aka jefa wa ƙanƙarar da bai san ruwanta ba. Ko goge baki da ruwan da ka yarda da shi za ka yi.

Abinci a ci wanda aka sauke yanzu, yana tururi. Tsire da balangu daga kan wuta ba su da laifi, ɗanyen kabeji da tumatir da albasar da aka yanka tun la'asar su ne abin gudu. Haka salak, kwaɗo, da kankanar da aka yanka aka ƙulla a leda. Ayaba da lemon da za ka ɓare da hannunka sun fi aminci. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba firji, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Alhazanmu a Mina suna da halin ajiye shinkafar rana a gefen katifa wai sai dare, a tantin da zafin wajensa kan haura digiri 40. Hajiya, in ba za ki ci yanzu ba, ki bayar tun da zafinta. Ɗumame kuma sai ya yi zafi har tsakiyarsa.

Sai hannu. Tsarki da buta ya tsarkake ka, amma ruwa kaɗai ba ya cire ƙwayoyin cuta duka, sai an bi da sabulu na daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce. A gidan abinci ka lura da robar wanke hannu da ake ajiyewa a bakin ƙofa: mutum goma sun tsoma, ruwan ya yi fari da maiƙo, kai ne na sha ɗaya. Ka ce a zuba maka daga buta. Man goge hannu yana taimako inda babu ruwa, amma ba ya iya wa norovirus sosai, ka ajiye ɗan sabulu a jaka. Wanda ya yi gudawa kada ya yi wa gida girki sai ya cika awa 48 da tsayawarta. Masu shan maganin olsa irin su omeprazole su ninka hankali, domin yana rage tsamin ciki, wanda shi ne ke kashe yawancin abin da muka haɗiya. Kada ka daina sha in likita ne ya sa ka, amma ka sanar da shi kafin tafiya.

Akwai lokacin da ba a jira a gida. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, amai da ya hana ruwa zama, fitsari ya ɗauke, jiri idan an miƙe, idanu sun zurma, ko maɗigar jariri ta faɗa, duk na asibiti ne nan take. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa tana zuba ba ƙaƙƙautawa alamar kwalara ce, tana iya ƙarar da ruwan jikin babba cikin awanni. Zazzaɓi bayan tafiya a gwada maleriya da taifod. Tsoho, mai juna biyu, mai ciwon suga, ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, su tun ranar farko za su nemi likita, su tafi da duk magungunan da suke sha.