Yadda Ƙungiyar Taimako Za Ta Yi Shawara Da Matasan Da Ke Dab Da Rasa Matsuguni

A Marwa da Mora da Kusseri, can arewacin Kamaru, kowa ya san su: samarin da ke kwana a shagon ubangida ko a tashar mota, da 'yan matan da ke aikatau a gidan da za a iya sallamarsu gobe. Wasu rikicin Boko Haram ne ya raba su da ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, wasu kuma ambaliyar 2024 ce ta cinye gidajensu a wajajen Yagwa. Ƙungiyoyinmu na unguwa suna tara kuɗi dominsu, amma da wuya ka tarar da ɗayansu a tabarmar da ake yanke shawara, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na farko, ku je inda suke. Mai shayi, malamin tsangaya da shugaban tasha sun fi kowa sanin wanda ba shi da wurin kwana. Wajen 'yan mata a tura mace. Ku bar su su zaɓi wakilansu da kansu, kuma kada su gaza uku, har da mace. Yaro ɗaya a gaban dattawa goma ba abin da zai ce sai "to, Baba".

Sai lokacin zama. Wanda ke dako a kasuwa, in kun kira shi da hantsi kun hana shi abincin ranar. A sa taro bayan la'asar, a biya kuɗin babur. A yi magana da Hausa, Fulatanci ko Larabcin Shuwa, Faransanci ya tsaya a takarda.

Mataki na uku shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya musa wa babba ba, don haka da zarar Alhaji ya faɗi ra'ayinsa, magana ta ƙare. Ku juya tsarin: matasa su fara, dattawa su rufe. In kunya ta hana su, su keɓe su tattauna, ɗayansu ya dawo ya faɗa da sunan kowa. Kuma a kawo musu magana mai nauyi, wato kuɗi. A buɗe littafin ma'aji, a ce ga abin da ke hannu, me za a fara yi?

A ƙungiyarmu mun taɓa shirin sayen barguna kafin sanyi. Da muka tambaye su, wani ya ce: "Baba, bargo kwana biyu zai yi a sace shi. Ku sama mana inda za mu kulle kayanmu, da takardar haihuwa." Ya yi gaskiya. Ba takardar, ba jarrabawar gama firamare, ba katin ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da kati ko shingen hanya fargabarsa yake. Mu da ke kwana a ɗaki mai ƙofa, hankalinmu bai taɓa kaiwa nan ba.

Daga nan a rubuta kujerunsu da ƙuri'arsu cikin dokokin ƙungiya, don kada sabon shugaba ya zo ya share. Wannan haƙƙinsu ne: sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, ya ba yaro damar a saurare shi kan abin da ya shafe shi.

A rufa musu asiri. Kada a tilasta wa kowa ba da labarin abin da ya raba shi da gida, kada a sa hotonsa a Facebook don jawo masu bayarwa.

Kowane zama ya buɗe da bayanin abin da aka yi da shawararsu ta baya. In ba a ɗauka ba, a faɗi dalili a gabansu. Wakili kuma in ya daina zuwa, a aika a nemo shi kafin a ba wani kujerarsa, don sau da yawa wurin kwanansa ne ya sake canjawa.