Yadda Ake Kai Yaro Gwajin Fahimta da Koyo a Kaduna

Idan yaro ya kai aji uku na firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ba, abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a kira shi daƙiƙi, a ƙara masa bulala, ko a ɗauko masa malamin lesin. Akwai gwaje-gwajen da masana halayyar ɗan'adam ke yi domin gano inda matsalar take, sai dai amfaninsu ya rataya ne a kan bin tsari, kuma matakin farko ba gwajin ƙwaƙwalwa ba ne.

A fara da ido da kunne. Yaron da ba ya ganin allo daga kujerar baya, ko wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har jinsa ya ragu, zai yi kama da marar fahimta alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. A nan mutanen Kaduna sun yi dace, domin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa duk a cikin garin suke. Daga nan sai a ga likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a ba shi tarihin yaron ba tare da ɓoye komai ba: doguwar naƙuda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma, sikila, ko ƙarancin jini. Akwai ma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai a ga ya ƙura ido na 'yan sakanni sannan ya dawo, malami kuwa ya ɗauka wasa yake yi.

Kafin ranar gwaji a tattara katin asibiti, sakamakon jarrabawa na zangon karatu uku ko fiye, da littattafan rubutun yaron kamar yadda suke, da gogensu da tsagarsu. Shafi guda da ya rubuta "d" a gurbin "b", ko ya tsallake layi yana kwafe daga allo, ya fi dogon bayani amfani ga mai gwaji. A nemi malamin aji ya rubuta abin da yake gani, a kuma nemi na malamin Islamiyya, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Yaron da ke riƙe haddar izu biyu da ka amma yake tuntuɓe idan aka buɗe masa littafi ya nuna cewa riƙonsa ba shi da laifi, kuma wannan ya taƙaita inda za a nema. Haka kuma ciwon rashin natsuwa da yawan ƙiriniya da likitoci ke kira ADHD ba a tabbatar da shi sai alamun sun bayyana a wurare biyu ko fiye, sun ɗauki aƙalla wata 6, sun kuma fara kafin shekara 12. Uwa ko kakar da ta raini yaron ita ya kamata ta je, domin uba ba kasafai yake tuna watan da ɗansa ya fara tafiya ko magana ba.

Masu yin wannan gwaji su ne masana halayyar ɗan'adam na asibiti da ƙwararrun ilimi na musamman, kuma a Kaduna wurin da aka fi sani shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Iyaye da yawa suna gudun wurin saboda abin da maƙwabta za su ce, amma kai yaro can ba shaida ba ce ta taɓin hankali, kuma jinkirin shekara biyu saboda tsoron baki asara ce da yaron kaɗai zai ɗauka.

Gwajin basira da ya fi shahara shi ne na Wechsler, wanda ake yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16. Mai gwaji zai zauna da yaron su biyu, ya zube masa ƙananan tubala masu ja da fari ya ce ya tsara su kamar hoton da ke gabansa, ya karanto masa lambobi ya ce ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, ya kuma tambaye shi ma'anar kalmomi. Akwai gwajin Raven, wanda zane ne zalla da ake cike gurbinsa ba tare da dogon magana ba. Ga ƙananan yara 'yan wata 16 zuwa 30 da ake zargin suna da otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, akwai takardar tambayoyi mai suna M-CHAT da iyaye ke amsawa, kuma aikinta tantancewa ne kawai, ba yanke hukunci ba. Sannan akwai gwajin karatu, rubutu da lissafi, wanda da shi ake gano disleksiya, wato wahalar koyon karatu, da makamantanta.

Abin da ya fi cancanta iyaye su tsaya a kansa shi ne harshe. Galibin waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne da Turanci, an kuma auna ma'auninsu a kan yaran Amurka da Ingila. Yaron Tudun Wada ko Rigasa da ya tashi da Hausa a gida, bai haɗu da Turanci ba sai a aji, idan aka tambaye shi ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba, abin da aka auna shi ne Turancinsa. Saboda haka a tambayi mai gwaji kai tsaye: da wane harshe za a yi wa yaron bayani, shin za a haɗa da gwajin da ba ya buƙatar magana, kuma shin rahoton zai ambaci cewa Hausa ce harshensa na farko? Ƙwararre na gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Ranar gwajin, yaro ya yi barci sosai, ya karya kumallo, ya zo da tabaransa idan yana sakawa, in kuma yana zazzaɓi a ɗage ranar. Kada a ce masa jarrabawa za shi, ya isa a ce, "Za mu je wajen wata anti ta yi wasan hotuna da kai, ba a cin maki, ba a duka." Kada kuma a nemo tambayoyin a intanet a koya masa, domin hakan ɓata sakamakon yake yi.

A gwajin Wechsler matsakaicin maki 100 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Makin da ya yi ƙasa da 70 shi kaɗai bai isa a ce yaro yana da naƙasar fahimta ba, sai an duba yadda yake gudanar da rayuwarsa, wato ko yana iya sa kaya, zuwa aike shago ya dawo da canji daidai, da zama da tsararsa. Yaro mai disleksiya kuwa basirarsa kan kasance daidai da ta kowa, sauti da harafi ne ba sa haɗuwa masa da sauƙi, kuma babu ƙwaya ko rubutun sha da ke maye gurbin koyar da shi sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya.

A dage sai an karɓi rubutaccen rahoto mai ɗauke da abin da malami zai yi a aji, kamar zaunar da yaron a gaba, ƙara masa lokaci a jarrabawa, ko karanta masa tambaya da baki. A kai kwafi ga shugaban makaranta da malamin aji a zauna tare, a ajiye asalin a gida, sannan a sa ranar sake zama bayan zango guda domin a kwatanta sabon littafin rubutunsa da tsohon. Maimaita gwajin basira iri ɗaya kuwa ana barin aƙalla shekara guda ta wuce, saboda yaro kan tuna tubalan da hotunan.