Shirya ganyen sabara don awo a na'urar mass spectrometer (mai tantance sinadarai ta nauyin ƙwayoyinsu)

Mai neman magani a sabarar dajin Ringim ko Gumel, tun daga shanya aikinsa ke gyaruwa ko ya ɓaci. A shanya ganyen a inuwa, domin zafin rana na lalata sinadaran. Idan ya bushe ƙayau, a daka, a jiƙa giram 10 cikin ruwan sinadarin methanol mililita 100, kwana uku, a kwalbar gilashi.

Roba kam a guje ta. Tana sakin wani sinadari mai suna phthalate, sai ya fito a lamba 391 a sakamakon na'urar, ɗalibi ya ɗauka ya gano sabon abu. A tace jiƙon da mataci mai ƙananan ramuka masu faɗin maikiron 0.22, a tsarma sosai. Gishiri ko ragowar sabulu a kwalba kan danne sigina, sinadarin da ake nema ya ɓuya. Kullum a fara auna methanol zalla tukuna, domin a gane abin da ba daga ganyen ya fito ba.