Babi na 7: Cefanen Sallah, Awo da Suyar Cincin

Abin da kowace ɗaliba za ta zo da shi aji: littafin rubutu, fensir, gwangwanin madarar ruwa guda ɗaya wanda aka cire murfinsa aka wanke, da wuƙa ko sanda ƙarama miƙaƙƙiya. Kada a ɗebo fulawar gida. A zo da rairayi busasshe a kwano, da shi za mu koyi awo.

Darasi na 1: Takardar cefane

Ki buɗe sabon shafi. Ki ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Yanzu shafin ya kasu gida uku. Za ki fara daga gidan hagu. Wadda ta yi karatun allo hannunta zai ja ta zuwa dama, kuma ba laifi ba ne, sabo ne. Amma boko daga hagu yake tashi.

A gidan farko sunan kaya. A na tsakiya yawansa. A na ƙarshe kuɗinsa. Ki kwafi wannan da hannunki:

fulawa, gwangwani 10
sukari, gwangwani 2
bota, gwangwani 1
ƙwai, guda 2
madarar gari, babban cokali 4
bekin fauda, ƙaramin cokali 1
gishiri, rabin ƙaramin cokali
gyaɗar ƙamshi, guda 1
man gyaɗa, kwalba 2

Ki duba gidan tsakiya da kyau. Kowace lamba tana tare da sunan ma'auninta. In kika rubuta "fulawa 10" kika miƙa wa yaro, goma na me? Gwangwani, ko kwano, ko buhu? Yaron zai tsaya gaban mai shago yana sosa ƙeya, ya dawo da abin da aka ga dama aka ba shi. Mafi yawanku ba ku kuke zuwa kasuwa ba, maigida ne ko yaro. Don haka takardar ce bakinki a can.

A aika da wuri. Wudil tana ci ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ko wace ce kasuwarku, a sayi fulawa da sukari da mai tun ana saura kasuwa biyu Sallah, domin ranar jajibere komai tashi yake. Ƙwai kaɗai za a bari sai ya matso.

Sai maganar kuɗi. Ki karanta da ƙarfi: ₦50, ₦500, ₦5,000. Duka da biyar suka fara. Sifili ne ya raba su: sifili ɗaya, hamsin; sifili biyu, ɗari biyar; sifili uku, dubu biyar. Ki sa yatsa ki ƙirga sifilin, kada ki yi kintace. Kuma ki daina gane kuɗi da launi. A 2022 an sauya launin ₦200 da ₦500 da ₦1,000, amma lambar ba ta sauya ba, hotunan ma haka: Sardauna Ahmadu Bello yana nan a kan ₦200 kamar da. Wadda take karanta lamba, sauyin launi bai dame ta ba.

In kaya suka iso gida, ki shinshina fulawar. In tana warin ajiya ko kin ga ƙwari a ciki, a mayar. A jikin robar bota da gwangwanin bekin fauda ki nemi haruffa uku, E X P. Lambobin da ke kusa da su ranar lalacewa ce. In kin ga 08/2027, 08 wata na takwas ne, wato Agusta, 2027 kuma shekara. In watan ya wuce, kada ki sa a abincinki ko da kyauta aka ba ki.

Aiki: waɗannan lambobin na koyo ne, ba farashin kasuwa ba. Fulawa ₦1,500, sukari ₦600, bota ₦800, ƙwai ₦500, mai ₦3,000. Nawa ke nan duka? In an ba mai shago ₦7,000, nawa ne canji?

Darasi na 2: Awo

A nan cincin yake lalacewa, tun kafin a hura wuta. Don haka za mu daɗe a nan, kuma kada wadda ta gaji.

Kalmomi uku ne. Ki rubuta su manya a saman shafi: CIKA. SHAFE. LAYI.

Cika: ki tankaɗe fulawar da rariya tukuna, sannan ki riƙa zuba ta cikin gwangwani da cokali har ta yi tozo. Kada ki danna da yatsa, kada ki buga gindin gwangwanin a ƙasa. Fulawar da aka danna ta fi wadda ba a danna ba yawa, alhali gwangwanin ɗaya ne.

Shafe: ki ɗauki bayan wuƙa ki bi ta kan bakin gwangwanin, tozon ya zube. Fulawa ta yi daidai da baki, ba ta hau ba, ba ta nutse ba. Mun saba da awon kasuwa mai tozo, inda mai saye take cewa a ƙara mata gyara. Wannan awon ciniki ne. Na kwaɓi a shafe yake.

Layi: ki juye a roba, nan take ki ɗauki fensir ki ja gajeren layi ɗaya a takarda. Gwangwani ɗaya, layi ɗaya. In layuka sun kai huɗu, na biyar ki gicciya shi a kansu. Ƙulli ɗaya ke nan, biyar. Ƙulli biyu, goma, kin gama fulawa.

Yanzu da rairayi. Ki cika. Ki shafe. Ki juye. Ki ja layi. Madalla. Ki sake. Ki cika, ki shafe, ki juye, ki ja layi. Wadda hannunta yake rawa da fensir, ba komai, layin ko karkatacce ne ya ƙirgu. Da koyo akan iya.

Me ya sa sai an ja layi? Kina na shida goyo ya fashe da kuka, ko maƙwabciya ta yi sallama tana neman aron turmi. Kin dawo, shida ne ko bakwai? Ba ki sani ba, sai ki ce bari in ƙara ɗaya don kada ya kasa. Wannan ɗayan shi ne zai sa cincin ya fito da tauri, sukari bai ji ba. Takarda ba ta mantuwa. Ki ja layin kafin ki tashi, ko me ya faru.

Kuma da gwangwanin da kika auna fulawa, da shi za ki auna sukari, da shi bota, da shi ruwa. Kada ki auna wannan da na madara, wancan da na tumatir. Ki fara da busassun kaya, fulawa sai sukari, sannan bota, ruwa a ƙarshe, don kada gari ya manne a jiƙaƙƙen gwangwani. Sukari ma a shafe. Bota ita kaɗai ce ake dannawa da cokali don kada ta bar rami a ciki, amma ita ma a shafe bakinta. Cokali ma haka: bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya, na shayi, a shafe.

Akwai masu cewa, "Malama, ai ni idona ma'auni ne, tun ina budurwa nake yi." To, Hajiya, bara ya yi daɗi, bana ya yi tauri, kika ɗora wa fulawa laifi. Ba fulawa ba ce. Kuma in kina so 'yarki ta yi irin naki ranar da ba kya gida, idonki za ki ba ta aro? Akwai kuma masu jan layi goma lokaci ɗaya bayan sun gama zubawa, don a gani a littafi. Wannan yaudarar kai ce, kuma ana ganewa. Layi bayan kowane gwangwani, ba bayan an gama ba.

Mu sake, kowa da bakinta: cika, shafe, juye, layi.

Aiki: in za ki yi ninki biyu, fulawa ta zama gwangwani 20. Sukari fa? Bota fa? Ƙwai fa? Duka ake ninkawa, ba fulawa kaɗai ba. Ƙulli nawa za ki gani a takarda in kin auna 20?

Darasi na 3: Kwaɓi da suya

Ki wanke hannu da sabulu. Kafin ki taɓa komai ki dubi takardarki: ƙulli biyu a gaban fulawa, layi biyu a gaban sukari, layi ɗaya a gaban bota. In babu, ki juye ki sake awo. Ba wasa nake ba.

Ki haɗa fulawa, sukari, madarar gari, bekin fauda, gishiri da gogaggiyar gyaɗar ƙamshi kamar rabin ƙaramin cokali, ki juya su su gauraya. Ki sa bota ki murtsuke da yatsu har ta ɓace cikin garin, babu dunƙule. Ki fasa ƙwai a wani kofi daban, ɗaya bayan ɗaya, saboda ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya ɓata roba guda. Ki kaɗa ki zuba.

Ruwa ki auno gwangwani 2 ki ajiye a gefe, amma ba duka zai shiga ba. Ki fara da ɗaya, ki kwaɓa. Saura kaɗan-kaɗan. Yawanci ɗaya da rabi ya isa. Ki tsaya in kwaɓin ya haɗe, yana da ƙarfi, ba ya manne wa hannu. In ya yi ruwa za ki koma ƙara fulawar da ba a auna ba, duk wahalar darasi na 2 ta tafi a banza. Ki rufe shi da kyalle mai tsabta minti 15, zai fi daɗin murzawa.

Ki gutsuro kamar girman lemo, ki murza da kwalba mai tsabta a kan tire ko katako. Kaurinsa kada ya wuce rabin kaurin fensirinki, domin yana tashi a mai. Ki yanka tsaye, ki yanka kwance, ƙanana kuma kai ɗaya. In wasu manya wasu ƙanana, ƙananan za su ƙone kafin manyan su soyu. Fulawar barbaɗawa kaɗan, kuma ki kakkaɓe ta kafin suya, ita ce take sa mai kumfa da baƙi.

Mai kada ya wuce rabin tukunya. Wuta matsakaiciya. Ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani. In ta nutse ta zauna shiru, man bai yi zafi ba, cincin zai sha mai ya farfashe. In ta yi duhu nan da nan, zafi ya yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Ki zare itace ɗaya ko biyu ki jira. In ta ɗan nutse ta taso tana tsuwa, ya yi. Ki zuba daidai yadda za ki iya juyawa, kada ki cika tukunya. Ki riƙa juyawa da matsami, ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske, domin yana ƙara duhu bayan an tsame.

In cincin yana narkewa a mai, bota ce ta yi yawa. In yana saurin baƙi alhali wuta daidai, sukari ne. Biyun duka daga awo ne. Cika, shafe, juye, layi.

Yara su yi nesa da murhu. In mai ya kama da wuta, kada ki watsa ruwa, wutar tashi za ta yi ta bi ki. Ki rufe tukunyar da murfin ƙarfe, ki zare itacen, ki bar ta a rufe har ta huce.

Ki baza cincin a tire ya sha iska sosai kafin ki zuba a bokiti mai murfi. In kika rufe da ɗuminsa zai yi gumi ya yi laushi.

Darasi na 4: Faifan rufe kwanon Sallah

Kayan aiki: kaba, busasshiyar ciyawa, basilla, wuƙa, da rini in ana son ado. Ki jiƙa kaba ta yi laushi, ki tsaga ta siri-siri. Busasshiyar kaba karyewa take.

Ki haɗa ciyawa kaurin fensir, ki naɗe bakinta da kaba, ki lanƙwasa ta zama ƙaramin zobe. Daga nan zagaye ne: ki naɗa, ki soka basilla a layin da ya gabata, ki ja. In ciyawa ta fara sirancewa ki cusa sabuwa. In kina ja da ƙarfi faifan zai lotsa, in da sako-sako zai ɓaɓɓake. Mafi yawanku kun fi littafin nan sanin wannan. Abin da ake so kawai ki ja layi bayan kowane zagaye, ki rubuta a zagaye na nawa kika sauya launi.

Darasi na 5: Miƙa jiki

Bayan zaman suya ko saƙa, baya da wuya sukan riƙe. Mutanen Indiya suna da tsarin miƙa jiki da numfashi da suke kira yoga. Abu kaɗan za mu ɗauka.

Ki zauna a tabarma, baya a miƙe. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi kina ƙirga 4. Sau 5. Ki ɗaga hannu biyu sama, ki ƙirga 10, ki sauke. Ki karkata kai dama a hankali, sannan hagu. In kin ji zafi ko jiri ki tsaya. Mai ciki da mai hawan jini su tambayi ma'aikaciyar asibiti tukuna.

Aikin gida: ki rubuta takardar cefanen gidanku mai gida uku. A zo da gwangwani da rairayi mako mai zuwa, za a sake awo.