Darasi na 9: Tazargade, yadda ake noma shi da abin da yake yi a jiki

Iyayena da yayyena barkanmu da sake haɗuwa. Yau ganye za mu karanta, kuma ganye ne mai shegen ɗaci wanda in ka taɓa ɗanɗana shi sau ɗaya harshenka ba zai manta ba. Kafin mu shiga karatun kowa ya ɗauki fensir ya rubuta waɗannan kalmomin sau uku-uku, a lura da ƙugiyar da ke kan haruffa: ɗaci, tsiro, dashe, ƙwaya, zazzaɓi. Wanda ya rubuta daci babu ƙugiya ya koma ya gyara, dan "daci" da "ɗaci" ba ɗaya ba ne a baki.

Wane ganye ne wannan

Sunan tazargade ba tsiro ɗaya ake kira da shi ba, dangi ne masu yawa kuma suna kama da juna, to wanda muke magana a kansa yau shi ne wanda masana ke kira Artemisia annua. Asalinsa daga yankin Asiya ne musamman ƙasar Sin, can suna ce masa cinhau. Shekara ɗaya yake yi ya fitar da iri ya mutu. In ya samu wuri mai kyau yana kai mita 2 a tsayi, ganyensa tsaga-tsaga ne ƙanana kamar na karas, in ka murza a hannu sai ka ji ƙamshi mai ƙarfi kamar na kafur, furensa kuma 'yan mitsi-mitsi ne ruwan ɗorawa. Yana da ɗan uwa a gabashi da kudancin Afirka mai suna Artemisia afra, kamar tasu ɗaya ɗacinsu ɗaya amma shi wancan kusan babu sinadarin maganin maleriya da ake nema a cikinsa. Kun ga tun daga nan ɗaci kaɗai ba shi ne shaidar magani ba.

Shuka

Nan ne wahalar take, nan kuma zan daɗe. Irin tazargade ƙanana ne ƙwarai, giram 1 kacal yana ɗauke da ƙwaya sama da 10,000, wato in ka yi atishawa kusa da shi to gonarka ta tafi a iska. Ni karon farko da na shuka, na yi masa irin yadda na saba yi wa sauran iri, na ja layi da yatsa na zuba na rufe da ƙasa na danne da tafin hannu har ina jin daɗi na yi aiki mai kyau, kullum safe ina leƙawa, sati uku shiru kamar an aiki bawa garinsu, har na fara zagin wanda ya ba ni irin a zuciyata alhali laifina ne. Irin nan haske yake buƙata kafin ya tsiro, ba a binne shi sam.

Ga yadda ake yi. A samu faranti ko tsohon baho a huda ƙasansa, a zuba ƙasa mai laushi wadda aka tankaɗe da rariya, a gauraya da ɗan yashi da taki wanda ya ruɓe sosai. A jiƙa ƙasar tukuna kafin a sa iri, ba bayan an sa ba. Sai a ɗebi irin ɗan kaɗan, abin da yatsa biyu za su tsinko ma ya isa, a cakuɗa da yashi mai laushi cikin cokali kamar biyar dan kar ya taru wuri ɗaya, a barbaɗa a sama kamar ana barbaɗa gishiri, shikenan a bar shi haka. Ban ruwa kuma kar a kwara daga sama, ruwan zai tattara irin ya kai shi gefe guda. Ko dai a fesa da gorar roba da aka huda murfinta da allura, ko a tsoma gindin bahon cikin ruwa ƙasar ta tsotsa da kanta. A ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka kai tsaye, a ɗaga shi daga ƙasa saboda kaji da tururuwa.

Cikin sati ɗaya zuwa biyu za a ga wasu ɗigo-ɗigo kore wanda in ba ka sunkuya ba ba za ka gan su ba. Kar a yi murna da wuri, a wannan lokacin ne suka fi mutuwa, in ƙasar ta bushe na yini ɗaya sun tafi, in ruwa ya yi yawa kuma gindinsu ya ruɓe su kwanta. Da sun yi ganye huɗu ko biyar sai a ciro su a hankali da tsinke ko bayan cokali, a raba kowanne da ledarsa. Bayan kamar sati 6 zuwa 8 da shuka, sun kai tsayin tafin hannu wato santimita 10 zuwa 15, to sun isa dashe. A dasa da yamma a ba su ruwa nan take.

A ba su fili, dan abin da kake gani ɗan tsigil yau nan da wata uku ya fi ka tsayi. Mita 1 tsakanin layi da layi, tsakanin tushe da tushe kuma rabin mita zuwa mita 1. Ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. A watan farko ciyawa tana fin ƙarfinsa dole a riƙa nome masa, daga baya in ya yi rassa shi da kansa yake rufe ciyawar da inuwa.

Akwai wani abu da ke ba manoma mamaki. Wannan tsiron yana lissafin tsawon yini, in yini ya gaza kamar awa 13 da rabi sai ya ɗauka lokacin haihuwa ya yi, ya fara fure ko da bai girma ba. A ƙasashe masu zafi inda dare da rana kusan tsawonsu ɗaya, irin da aka kawo daga wuri mai sanyi yakan yi fure tun yana iya gwiwa, ganye kuwa babu na kirki. Shi ya sa aka samar da iri mai jinkirin fure, irinsa ake nomawa a Kenya da Tanzaniya da Madagaska ana sayar wa masu haɗa magunguna. Ƙishirwa ma tana sa shi fure da wuri. In ka dace da tushe mai kyau, yanki reshe mai tsawon yatsa ka cire ganyen ƙasa ka soka a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, zai yi saiwa, kuma zai fito sak uwarsa, abin da iri ba kullum yake yi ba.

Yanka da shanya

Lokacin yanka shi ne da an ga ƙullin fure ya fara fitowa amma bai buɗe ba, a lokacin ganyen ya fi ƙarfi. Amfanin a ganye yake, itacen kusan banza ne. A shanya a kan tabarma ko buhu inda iska ke wucewa, a riƙa juyawa, in ya bushe har yana karyewa a hannu sai a kakkaɓe ganyen a zuba a mazubi mai murfi a ajiye wuri mai duhu mara danshi. Wanda ya yi fumfuna a zubar kar a ji asara. Mai asma ko yawan atishawa ya rufe hanci lokacin kakkaɓa, ƙurar tana tayar wa wasu.

Labarin maganin

Mutanen Sin sun fi shekara 2,000 suna amfani da ganyen nan, tsohon rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi ma a maganin basir ya sa shi, daga baya aka san shi a maganin zazzaɓi. Wajen shekara ta 340 wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a ɗebi cikin hannu na ganyen a jiƙa a ruwa a matse a shanye ruwan. Ku riƙe wannan, jiƙawa ya ce bai ce a tafasa ba.

A shekarar 1967 ana yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro yana ta kwantar da sojoji kuma kulorokwin ya fara daina aiki, sai gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri da ake kira 523 dan neman sabon magani. Cikin masu aikin akwai wata mata, Tu Youyou. Ita da mutanenta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, da suka zo kan tazargade sai ya zama yau ya yi aiki gobe ya ƙi, abin ya ɗaure musu kai har sai da ta koma ta karanta maganar Ge Hong, ta ce anya ba zafin wuta ne ke lalata abin ba? Ta sauya hanya ta tatso shi ba da zafi sosai ba, a 1971 ya kashe ƙwayar cutar kakaf a jikin ɓeraye, a 1972 suka ware sinadarin shi kaɗai, shi ne atimisinin. Ita da abokan aikinta sai da suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel, babbar lambar yabo ta duniya. Maganin maleriya da ake kira ACT, wanda ake sha kwana 3, daga wannan sinadarin aka samo shi, haka allurar atesunet da ake yi wa wanda ciwon ya yi wa tsanani.

To me zai hana mu sha shayinsa kawai

Wannan tambayar wata dattijuwa ce ta yi min ita a aji, ta ajiye fensir ta ce, "Malam, tsaya. Ka ce daga ganyen aka ciro maganin, to ni da ganyen ke bayan ɗakina me zai kai ni layin asibiti?" Na ce, "Iya, tambayarki ta fi darasin ma." Na ɗauko kofi biyu na jiƙon na ajiye a gabanta na ce ta nuna min wanda ya fi ƙarfi, ta ɗanɗana ta yatsine fuska ta ce duk ɗacinsu ɗaya. Na ce to matsalar kenan.

Atimisinin da ke cikin busasshen ganye ɗan kaɗan ne, a iri mai kyau ma wajen kashi 1 cikin 100 ne kawai, a wani irin kuwa bai kai ko kusa da haka ba, kuma ya danganta da iri da ƙasa da lokacin yanka da yadda aka ajiye. Sannan ba ya narkewa sosai a ruwa. Wato kofi biyu masu ɗaci ɗaya, wannan da ɗan magani wancan kusan babu, kuma ido ko harshe ba sa bambancewa. Na biyu, sinadarin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awanni ya fita. Shi ya sa a cikin ACT aka haɗa shi da wani maganin mai daɗewa, atimisinin ya yi kaca-kaca da yawancin ƙwayoyin cutar da sauri, abokin nasa ya tsaya ya share ragowar. Mai shan shayi zazzaɓin na iya sauka ya ji garau ya koma harkokinsa, alhali an kashe maciji ne ba a sare kai ba, bayan sati biyu ko uku ciwon ya dawo.

Abin da ya fi damuna ni shi ne na ukun. Ƙwayar cutar da ta sha magani kaɗan-kaɗan ba ta mutu ba, ita ce ke koyon bijire masa. An fara ganin haka a Kambodiya, yanzu kuma an tabbatar da shi a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya. Maleriya tana kashe mutum wajen 600,000 duk shekara a duniya, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka, in wannan maganin ya lalace a hannunmu yaran nan ne za su biya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan shayi ko garin tazargade dan maganin maleriya ko rigakafinta. Lokacin korona a 2020 Madagaska ta fitar da wani ruwan tazargade aka yi ta yayatawa, amma ba a samu hujjar cewa yana warkar da cutar ba.

Kar wani ya ce Malam ya raina maganin gargajiya, ai ba dan rubutun magabata ba da Tu Youyou ba ta gano komai ba. Abin da ta ƙara a kai shi ne awo. Kuma ganye ma yana da nasa illar, a 2018 hukumar kula da magunguna ta Niyu Zilan ta yi gargaɗi bayan wasu masu shan tataccen tazargade dan ciwon gaɓoɓi sun samu matsalar hanta. Dan haka mai juna biyu, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon hanta da wanda ke kan wani maganin kullum, su bar shan shi. Wanda ya ji zazzaɓi ya je a ɗiga jininsa a gwada, minti 15 zuwa 20 ne sakamako ya fito, dan ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In ita ce a shanye ACT duka kwana ukun ko an ji sauƙi tun ranar farko. Yaron da ke jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya ƙi nono, ko numfashi na yi masa wuya, ko ba ya gane mutane, wannan ba a tsaya jiƙa komai, a ɗauke shi sai asibiti ko tsakar dare ne.

Aikin gida

A amsa da cikakkiyar jimla, ban da "e" ko "a'a" kawai. Me ya sa ba a binne irin tazargade? Wane lokaci ake yanka shi? Daga 1972 da aka ware sinadarin zuwa 2015 da aka ba da kyautar, shekara nawa kenan? Sai lissafi ɗaya: kana da layi 5, kowane layi zai ɗauki tushe 12, amma cikin dashen da ka raina 8 sun mutu a leda kuma dama 65 ka raba, sun ishe ka ko ba su isa ba, in ba su isa ba guda nawa za ka ƙaro? Mai ganyen a gida ya tsinko reshe ɗaya ya zo da shi darasi na gaba, za mu gwada soka shi a yashi tare, kowa ya zo da gwangwani ɗaya da aka huda ƙasansa.