Yadda ake karanta tsohon katin wasiƙa mai hoton kafaffun duwatsu

Idan tsohon katin wasiƙa mai hoton duwatsun da mutanen da suka kafa ya shigo hannunka, kada ka yi saurin duban hoton. Juya bayansa tukuna. Ni dai haka nake yi wa kowane kati, na Stonehenge ne a Ingila ko na Carnac a Faransa, domin kati ɗaya shekaru uku yake ɗauke da su: shekarar da aka aika shi, wadda aka buga shi, da wadda aka ɗauki hoton. Ba safai ukun suke zama ɗaya ba.

Ta farko ba ta da wuya, hatimin gidan waya da kan sarki za su gaya maka. A Birtaniya rabin peni ake biya a aika kati cikin ƙasa har zuwa 1918, sannan ya koma peni ɗaya. Ta biyu kuwa, duba ko akwai layin da ya raba bayan katin gida biyu. Da can adireshi kaɗai ake rubutawa a baya, shi ya sa za ka ga mai aikawa ya takura rubutunsa a gefen hoton, wani ma ya hau kan sararin sama da ke bisa duwatsun. Birtaniya ta yarda da raba bayan kati a 1902, Faransa ta bi sahu wajen 1904, Jamus a 1905, Amurka a 1907. Kati mai layi ba zai girmi waɗannan shekaru ba. Dubi kuma sunan mabugi a ƙasan hoton: ND Phot ko LL a katunan Faransa, Frith ko Valentine a na Birtaniya. Waɗannan kamfanoni sukan yi shekaru suna sake buga hoto guda, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Shekarar hoton ita ce mai daɗin nema, domin duwatsun da kansu ne za su ba ka amsa. Ɗauki Stonehenge. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a tsakiyar da'irar ya daɗe a karkace, kamar yanzu zai faɗi, sai a 1901 aka miƙar da shi a ƙarƙashin kulawar masanin kayan tarihi William Gowland. Ina da wani kati mai layi a baya, wato an buga shi daga 1902 zuwa sama, amma ga dutsen nan a karkace abinsa. Ka ga ke nan hoton ya girmi katin. Akwai kuma wasu manyan duwatsu uku, biyu a tsaye ɗaya a gicciye a kansu, da suka zube a 1797, ba a ɗaga su ba sai 1958. In ka gan su kwance a cikin ciyawa, hoton na kafin wannan shekara ne. Wasu katunan ma za ka ga an tokare duwatsun gefe da dogayen itatuwa.

A Carnac abin ya fi haka yawa, tunda duwatsun sun haura 3,000, jere-jere a Ménec da Kermario da Kerlescan. Ɗan garin, Zacharie Le Rouzic, wanda ya rasu a 1939, ya ɗauki hotuna ya buga katuna da kansa, shi ne kuma ya sa ɗan alamar jan siminti a jikin duwatsun da aka sake tayarwa. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai saboda wannan, domin bai so na baya su ɗauka komai a tsaye aka same shi ba. In ka sami katin Carnac, ƙirga duwatsun layin da ya fi kusa da mai hoto, ka lura da na kwance, sannan ka gwada da hoton wurin na yau.

Kaburbura su ne suka fi sauya kama. Abin da katunan Faransa ke kira dolmen, wato faffaɗan dutse a kan wasu tsayayyu, ƙashin ginin kabari ne kawai. Asali tarin duwatsu ko ƙasa ne ya lulluɓe shi. Dolmen ɗin Table des Marchands da ke Locmariaquer a Faransa tsirara yake a tsofaffin katuna, mutane na zaune a kansa, yau kuwa an mayar masa da tarin duwatsunsa, sai ka shiga ta ƙofa. Newgrange a Ireland, wanda aka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, tudu ne mai ciyayi da bishiyoyi a katunan da. Farin bangon da ake gani yanzu ya biyo bayan tonon da Michael O'Kelly ya yi ne daga 1962 zuwa 1975. Har yanzu masana na jayayya a kan bangon, kuma duk wanda zai sa baki a maganar ya kamata ya fara ganin tsohon kati.

Sai dai kada ka ɗauka kati ya nuna maka wurin yadda masu shi suka bar shi. Lanyon Quoit, wani dolmen a Cornwall ta Ingila, ya faɗi a 1815, aka sake ɗaga shi a 1824 da ƙafafu uku maimakon huɗu, tun ba a san hoto ba. Haka nan kada ka gaskata duk abin da aka rubuta a ƙasan hoto. Katuna da yawa suna danganta duwatsun ga bokayen da ake kira Druid, alhali duwatsun sun riga su da dubban shekaru.

Mutanen da ke cikin hoton ma abin lura ne. Matar nan mai farar hular Bretagne, yankin Faransa da Carnac take, da ke saƙa a gindin dutse, ko yaron da ke kiwon tumaki, yawanci mai hoto ne ya tsayar da su. Duk da haka suna da amfani: da tsayinsu za ka kimanta tsawon dutsen. Samo gilashi mai ƙara girman abu ka duba a tsanake. In ka ga ɗige-ɗige a jere, bugun inji ne, ba zai ba ka fiye da abin da ido ya gani ba. In kuwa hoto ne na gaske da aka wanke a kan katin, sai ka ga har gansakuka da sunayen da maziyarta suka sassaƙa. A katunan dutsen Saint-Uzec na Faransa, wanda aka sassaƙa wa gicciye a kai a ƙarni na 17, ana ganin zanen fenti a jikinsa wanda ruwa da iska suka riga suka goge.

Wajen ajiya, riƙe kati ta gefe, ka sa kowanne a rigarsa ta leda wadda ba ta cin takarda, nesa da rana da danshi. Kada ka ɓamɓare kan sarki, kada kuma ka sa biro a jikinsa. Abin da ka gano, rubuta shi da fensir a wata takarda daban ka haɗa su wuri ɗaya.